Rabin Awar Malama Asma'u

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke kewayen Mabai ya san Malama Asma'u, ko da bai riƙe sunanta ba: doguwar matar nan mai jakar leda cike da littattafan yara, wadda in ta tambayi yaro yadda ya kwana sai ta tsaya ta ji amsa. Haifaffiyar Faskari ce, aure ne ya kawo ta. Shekara goma sha tara tana riƙe da alli, in an cire biyun da ƙauyensu ya watse saboda 'yan bindiga, ita da iyalinta suka raɓe a gidan dangi cikin Ƙanƙara.

Da aka dawo gida aka buɗe makaranta, sai ta ga sunayen na nan a rajista, amma yaran ba su ne waɗanda ta sani ba. Babur ya gifta bayan taga, rabin ajinta, 'yan aji biyar, na ƙarƙashin benci. Ta rubuta lissafi a allo, idanu na kallon ƙofa. Shi ne ta ƙirƙiro abin da yaran suka raɗa wa suna zaman inuwa: kowace safiya, kafin a taɓa littafi, su yi rabin awa a gindin ɗorawa. Mai mafarki ya faɗi mafarkinsa, mai waƙa ya yi, wanda ba ya son magana ya zauna abinsa a ja numfashi tare da shi.

A daidai lokacin ne kuma take karatun digiri na lokacin hutu, inda ake koyar da su ilimin halayyar ɗan'adam, aka ce kowa ya yi ɗan bincike. Ba ta je nesa ba. Ta tsara tambayoyi goma kan firgita da rashin barci da faɗuwar gaba, maki sifili zuwa talatin, mai maki da yawa shi ne mai damuwa da yawa. Ta ba yaranta ashirin da takwas a farkon zango, ta sake ba su a ƙarshensa. Iyaye sun yarda, amma da sharaɗi guda: kada a rubuta sunan ɗan kowa. A wannan yanki takarda mai jerin sunayen yara ba abin wasa ba ce, ita ma ta sani, ba ta yi musu ba.

Hedimasta, Malam Muttaka, ba mugun mutum ba ne. Jarrabawa ce ke tafe, yaran kuma sun yi asarar shekara biyu. Ya kira ta ofis ya ce rabin awa sau biyar a mako ba ƙaramin lissafi ba ne, iyaye ma sun fara tambaya ko hira aka turo yaransu. Kwamitin iyaye zai zauna Alhamis ta sama. Tunda ga bincike a hannunta, ta kawo shaida. In akwai, zama ya ci gaba. In babu, a koma aji.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Ƙanƙara, shagon kwamfutar wata Ummi da ke yi wa ɗalibai aiki. Ummi ta zuba makin farko a layi guda, na ƙarshe a layi guda, ta tambaye ta wane gwaji za a yi. Malama ta buɗe littafin darasinta. Tulin lamba biyu gare ta, littafin kuma ya ce in ana kwatanta rukuni biyu, gwajin t na rukuni biyu ake yi. Ta ce a yi shi.

Matsakaicin maki ya sauko daga goma sha bakwai zuwa goma sha biyar. Ta fara murmushi, sai Ummi ta nuna mata lambar da ake kira p da bakin biro: ashirin da biyar cikin ɗari. Malama ta san karatun wannan lamba. Ma'anarta, ko da babu abin da ya canza a zuciyar yaran, irin wannan ɗan bambanci kan iya fitowa sau ɗaya cikin huɗu don kansa. Malamansu sun ce sai ta gaza biyar cikin ɗari kafin mutum ya buɗe baki. Ta naɗe takardar ta tura can ƙasan jaka.

Abin da ya fi cin ta, ta gani da idonta. Yaran da ke shigewa ƙarƙashin benci yanzu leƙa taga suke su ga babur ɗin wa ne. Amma ba za ta je gaban dattawa ta ce kwamfuta ta yi ƙarya ba, ba kuma za ta taɓa lamba ko ɗaya ba.

Maimakon ta juya gida, ta wuce Faskari gaida kawunta, Kawu Gide, wanda ya riƙe ta tana ƙarama. Sana'arsa tun tana goye ita ce kiwon raguna. Ta same shi a turke yana dama dusa, ya dube ta sau ɗaya ya tambaya ko wani ɗalibi ne ya kayar da malama a jarrabawa. Ta zauna kan turmi ta ba shi labari, ta sauƙaƙa masa: ta auna yara da farko, ta auna su da ƙarshe, an tara an raba, an ce bambancin bai taka kara ya karya ba, don tun asali wasu makinsu huɗu ne, wasu ashirin da takwas, ɗan saukin maki biyu ya ɓace a tsakani.

Kawu Gide ya ɗauraye hannu, ya ce ta maimaita. Ta maimaita.

"To ke Ma'u, mi ya kai ki gwada garke da garke?" in ji shi. "Dubi nan. Wanda ya leƙo turken nan wata ukku da suka wuce, manya da ƙanana ya gani. Ya leƙo yau, manya da ƙanana zai gani, ya tahi ya ce Gide bai iya kiwo ba. Ni kuwa ba turke nake dubawa ba."

Ya kamo wani ɗan baƙin rago, ya danna bayansa da tafin hannu.

"Wannan da ya zo, ƙirga haƙarƙarinsa kike daga bakin zaure. Har yau shi ne ƙarami. Amma ba da wancan ƙaton zan gwada shi ba, da kansa na ranar da ya zo nake gwada shi. Boko bai koya maku wannan ba?"

Nan take ta gane inda ya dosa. Sai ta zaro waya ta kira malamin da ke duba bincikenta, Dakta Salahuddeen. Bai bari ta ƙarasa ba ya tambaya: yaran farko su ne na ƙarshe? Ta ce su ne. Ya yi dariya ya ce ai ba rukuni biyu gare ta ba, rukuni ɗaya ne aka auna sau biyu, gwajinsa na shafin gaba da wanda ta buɗe: a ɗebe makin kowane yaro na ƙarshe daga nasa na farko, a yi gwajin a kan abin da ya rage. Ya ce ta gaida masa kawun, ya fi wasu 'yan ajinsu. Sannan ya ƙara da sharaɗi: sai fa in tana iya haɗa takardar kowane yaro da 'yar'uwarta. Ta ce babu suna. Ya ce to, nan kam ba shi da dabara.

Sai washegari da hantsi, tana zaune a tsakar gida da takardu hamsin da shida a kan tabarma, ta lura da kusurwoyinsu. Ranar farko wata yarinya, Tani, ta ce ita ba za ta miƙa takarda tsirara ba, ta zana zabo a gefe. Aji ya ɗauka: mai fartanya, mai tauraro, mai keke, mai kunama. A karo na biyu kowa ya sake zana nasa, har da faɗa in wani ya kwaikwayi na wani. Malama ta ɗauki abin shirmen yara, har ta ajiye almakashi don ta datse kusurwoyin kafin Dakta ya gani. Allah ya sa ba ta samu sukuni ba.

Ta shiga aurar da takardu, zabo da zabo, keke da keke. Yara biyu sun zana ƙwarya iri ɗaya sak, ta juya ta juya ba ta rabe su ba, ta ware su gefe ta rubuta dalili. Saura ashirin da shida. Tun kafin ta koma wurin Ummi ta ga abin da ido: ashirin sun sauko, uku na nan yadda suke, uku sun hau. Ranar Talata kwamfuta ta ce p ta koma uku cikin dubu.

Ran Alhamis dattawa suka zauna a benci, ta yi musu bayani da ragunan Kawu Gide, aka yi ta gyaɗa kai. Malam Muttaka, wanda ke son gaskiya ko da ta kayar da shi, ya ce shi ke nan, zaman ya yi magani.

"A'a, Malam, ban ce haka ba," in ji ta. "Lambar ta ce yaran sun samu sauƙi, kuma da wuya a ce dace ne kawai. Ba ta faɗi abin da ya kawo sauƙin ba. A zangon nan an yi girbi, an ƙoshi, an kuma yi wata uku ba a ji harbi ba. Wataƙila zaman ne, wataƙila su ne, wataƙila duka."

Hedimasta ya dafe goshi ya ce bai taɓa ganin wanda aka ba gaskiya yana mayar da rabi ba. Aka yi dariya. Ta ce akwai hanyar ganewa. Abokiyar karatunta Grace na koyarwa a wajen Sabuwa, ajinta ba sa zaman inuwa, ta kuma yarda ta ba yaranta tambayoyin farko da ƙarshen zango mai zuwa, kowa da zanensa. In aka kwatanta saukin can da na nan, a nan ne gwajin rukuni biyu zai yi aikinsa.

Shugaban kwamitin, Alhaji Lawwali, wanda jikarsa ke ajin, ya gyara zaman hula. Ya ce shi bai san p ba, amma matar da ta faɗi inda shaidarta ta tsaya ba tare da an matsa mata ba, ya yarda da sauran maganarta. A bar mata rabin awarta har ƙarshen shekara, a jira na Sabuwa. Lissafi kuwa a ƙara shi bayan hutun tara. Malam Muttaka ya ce ya ji, amma ita za ta koyar da ƙarin. Ta ce ta ɗauka.

Ba ta gaya wa dattawan zanen da ke kan takardu ukun da suka hau ba. Tauraro ne, da kunama, da zabo. Biyun farko ba ta san masu su ba tukuna, sai ta sa ido. Zabon kuwa ta sani. Tani ce mai fara waƙa kullum, mai dariyar da ake ji har ofis, makinta kuma ya tashi daga goma sha biyu zuwa goma sha tara. Da tulin lamba kawai aka duba, da ba wanda zai gan ta.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa. Malama Asma'u ta bar kujerarta, ta zagaya ta zauna a ƙasa kusa da yarinyar, ta tambaye ta yadda ta kwana. Tani ta ce lafiya lau, da sauri, tana murmushi. Malama ba ta tashi ba, ta ci gaba da jira.