Takardar Gwajin da Na Ɓoye a Aljihun Keke

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ni tela ne a Fagge, mai keken ɗinki biyu da bakin da ba ya shan kaye a musu. Bokona bai yi nisa ba, amma gani nake babu abin da ban sani ba. Shekararmu tara da matata, 'ya'yanmu uku. Mace ce mai barkwanci, kullum tana tsokanata wai ita ce matar tela, amma ita ce ta ƙarshen samun ɗinkin Sallah a layinmu.

Wata rana ta ce mini ta ji wani ƙulutu a mamanta na hagu, kamar ƙwayar gurjiya, ba ya ma ciwo. Muka je wani asibiti a Sabon Gari aka yi mata hoto. Likita ya ce hoton bai wadatar ba, sai an yi gwajin da suke kira bayofsi, wato a sa allura a ɗebo ɗan nama daga ƙulutun a duba ko ciwon daji ne. Tun muna yara muke jin cewa daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na karɓi takardar gwajin da likitan ya rubuta, na ce wa matata ta tashi mu tafi. Wata nas 'yar ƙabilar Ibo, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta tamkar Bakanuwa, ta biyo mu har bakin ƙofa tana roƙona, tana cewa ba allura ke yaɗa shi ba, jinkiri ne. Wallahi tsawa na daka mata, na ce ba a kan matata za su koyi aiki ba.

Na jefa takardar a aljihun keken ɗinki, muka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Sau biyu ta yi mini maganar komawa, a hankali kamar mai neman alfarma, ni kuwa ina cewa ta bari mu ga ƙarshen wannan maganin tukuna. Sai da ƙulutun ya fashe, hammatarta ta kumbura, sannan na ɗauko takardar muka koma asibitin, bayan wata goma. Allurar da na guda ita aka yi, cikin 'yan mintoci. Sakamako ya nuna daji ne, ya kai mataki na huɗu, ya shiga huhu. Nas ɗin nan ta gane ni sarai, amma kujera kawai ta turo mini.

Ko sau ɗaya matata ba ta ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi komai cina. Cikin azumi, tana kwance, ta dube ni da ɗan murmushi ta ce, "Malam, bana ma ni ce ta ƙarshe ko?" Na ce gobe zan yanka atamfarta. Ba ta ga Sallar ba.

Shekara huɗu ke nan, atamfar tana nan ban sa mata almakashi ba. Ina kewarta, Edita. Ina kewar muryar da ke tsokanata. Na san kwana ne ya ƙare, amma na san nawa gangancin. Jama'a, idan likita ya faɗi kalmar da ta ba ku tsoro, ku zauna ku yi tambaya har ku gane, kada ku tafi da maganar bakin titi. Ni na san komai a ranar, ga shi yau ni nake kai 'ya'yanta kitso.