Zauna, Fataw

Duk unguwar Gurugu da ke Tamale an san shagon askin Baba Sidiki, ba don ya fi kowa iya aski ba, sai don talabijin ɗin da ke rataye saman madubinsa. Fim iri ɗaya yake so: 'yan bindiga su tsare makaranta, sai 'yan samari su yi ta maza, su ƙwace makamai, su kuɓutar da kowa. A gaban talabijin ɗin nan ɗansa Fataw ya girma. Uba da ɗa su yi ta ihu tare, Sidiki yana bubbuga masa kafaɗa yana cewa, "Ka gani ko? Namiji ba ya durƙusa wa kowa!"

Da Fataw ya tasa, sai ya zama yaron motar albasa mai zuwa Nijar. Bana 'yan bindiga suka tare su a daji bayan sun tsallake iyaka. Direba ya dawo Tamale, ba mota, ba yaro.

Sidiki bai rufe shago ba, don zaman gida ya fi ƙarfinsa. Talabijin ma yana nan, masu zuwa aski ba za su yarda a kashe ba. Rannan yana tsakiyar yi wa wani aski, sai yaron cikin fim ya fara rarrafe zuwa ga bindigar mai tsaronsu. Shago ya ɗauki sowa. Injin aski ya tsaya a hannun Sidiki, yana ta ƙara a iska.

"Zauna," in ji shi. "Don Allah, ɗana, ka zauna. Ƙarya na yi maka."