Yafiyar da na riƙe wa Hajiya Uwani

Da safen nan ina cikin shan magani Nasiru ya kira ni, ya ce mahaifiyarsa, ƙawata Hajiya Uwani, ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban yi kuka ba. Zama kawai na yi. Na gaji da jin rasuwar sa'o'ina.

Amma akwai maganarta a wuyana, gara in faɗa a nan kowa ya ji. Sau biyu ta nemi in yafe mata, sau biyu na hana.

Bayan rasuwar maigidana Malam na fita takaba, amma ban fita daga ɗan flat ɗin da nake zaune ba. Wajen shekara ina unguwarmu Dagenham, nan ƙasar Turawa, daga gado sai darduma. Uwani ce take hawo bas tun daga unguwarsu Thamesmead da ƙafarta mai ciwo, ta kawo min miya, ta yaye labule, ta tsokane ni ta tafi. Ita Bazazzagiya, ni Bakanuwa, to kun san sauran.

Rannan da sanyi ta ce, "Ladi, haɗa kaya. Nasiru ya yi mana booking, za mu hutu. Nan kusa ne. Ki taho da fasfo."

Na ce wane irin kusa ne da fasfo?

Ta ce, "Bakanuwa da tambaya, kamar za ki sayi wurin."

Ashe ƙasar Ostiriya ce. Duwatsu, ƙanƙara ko'ina fari fat. Nasiru da matarsa ski suka je yi, a ɗaura wa mutum katako a ƙafa ya gangaro daga kan dutse da gangan. Mu biyu kuwa ko matakala ba ma hawa sai da nishi.

Washegari aka sa mu a wani akwatin gilashi da ke rataye a jikin waya, wai shi zai kai mu sama. Muna tsakiya ya tsaya, iska tana kaɗa shi. Na leƙa ƙasa na ga bishiyoyi kamar tsinken tsintsiya. Uwani ta damƙe hannuna ta ce, "Ladi, ni na yaudaro ki nan. In wayar nan ta tsinke, don Allah ki yafe min."

Na ce, "Ban yafe ba. Sai mun sauka."

Da akwatin ya ci gaba da tafiya ta yi ta dariya har da hawaye. Maganar ta bi iska.

Kwana shida muka yi, ba wadda ta taka katakon nan. Kullum sai mu hau sama, mu samu benci a rana, mu lulluɓa da bargo ɗaya. Ta zo da kunun gyaɗa a flask. Muna sha muna kallon Turawa suna faɗuwa, tana cewa, "Wancan mai jar hula saura kaɗan. Yauwa, ya tafi." Safa biyu ta sa min da hannunta don ba na iya sunkuyawa. Ruwan ɗumin alwala ma ni take fara ba wa.

A can na fara cin abinci kamar mutum. Na ji daɗin tafiyar nan. Ban taɓa gaya mata ba, kada kanta ya kumbura.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je duba ta a asibiti a Camberwell. Ta rame, muryar ma da ƙyar. Ta ce, "Ladi, mun fa sauka tuntuni. Ina yafiyata?"

Na ga yadda take. Ni ba yarinya ba ce, na san abin da na gani. Amma na ce, "Sai kin tashi kin zo Dagenham da ƙafarki kin karɓa."

A raina, in na riƙe abin, za ta samu dalilin tashi. Wauta ce, na sani.

Ta ce, "Bakanuwa, yafiya ma sai an yi ciniki." Ta rufe ido tana murmushi. Na ɗauki jakata na tafi kada bas ya wuce ni.

To ba ta zo ba.

Ku zama shaida, duk wanda ya karanta. Na yafe wa Uwani duniya da lahira. Ba ta ma yi min komai ba, fito da ni ta yi daga ɗaki. Ni ce ke neman tata yanzu, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya ba Nasiru da ƙannensa haƙuri. Ku sa ta a addu'a in kun yi salla. Ni ma ku roƙa min Allah Ya sa ta tafi ba ta riƙe ni ba.