Gyambon da Ya Yaye Ɗiyata

Bayan mun dawo daga girbin hatsi a gonarmu ta wajen Kalfu, wani ɗan ƙurji ya fito mini a kumatun hagu. Ban kula shi ba. Ina goyo a lokacin, maigidana yana Abijan wurin nema, ni da Inna, mahaifiyarsa, ne a gida cikin Tawa.

Da sanyi ya shigo sai ƙurjin ya fashe, ya buɗe ya kai faɗin murfin kwalba. Bakinsa ya yi tudu, cikinsa jajawur, ruwa na tsattsafowa. Ba ya wani zafi, kuma rashin zafin ne ya fi ba ni tsoro. Na sa garin bagaruwa, na sa kanwa. Wanzami ya ɗora mini ƙarfe mai zafi har na ji warin namana. A likita, wato asibiti, aka ba ni man shafawa da ƙwayoyi, na shanye, gyambo sai ƙara faɗi yake.

Wata safiya ina ba yarinyar nono, Inna ta tsaya a kaina.

"Miƙo min ita."

"Inna, ba ta ƙoshi ba."

"Ruwan abin ga shina ɗiga bisa kanta. In kuturta ce hwa?"

Ranar aka tafi da ita Kalfu, wurin yayar maigidana. Na durƙusa na riƙe ƙafar Inna, ta ce don Allah in sake ta, ita ma ba da son ranta ba ne. Nonona ya cika ya yi tauri kamar dutse. Bayan ɗaki nake zagayawa in matse shi a ƙasa, don kada ya ƙafe kafin a dawo mini da ita.

Ana haka na ji cewa wasu masu bincike sun zo daga Yamai, suna neman masu irin wannan gyambo. Da na je wurinsu, wata lokotoro mace ta kankare gefensa, ta shafa a ɗan gilashi, ta duba a madubinsu na ganin ƙwayoyin cuta. Ta ce ba kuturta ba ce. Wani ƙwaro ne da bai kai sauro ba, ba ya ko kuka, yana hayayyafa a tsagar bango da ramin ɓera. Ya ciji dabbar da ke da cutar, ya zo ya ciji mutum. Suka biyo ni gida suka kafa takardu masu mai kusa da turken awaki. Da safe suka nuna mini ƙwarin sun manne, ƙanana kamar dusa.

Ni ba ƙwaro ne a gabana ba.

"Lokotoro, yarinya na iya ɗauka a nonona?"

"A'a. Ko a rungumarki ba ta ɗauka."

"To don girman Allah ki faɗa wa Inna."

Ta zauna a tabarma ta yi mata bayani a natse. Inna ta saurara, ta yi godiya, ta raka su har zaure. Da ta dawo ta ce, "Su ma bincike suka zo yi, ba su ida sani ba. In ya warke a kawo ta."

Maganin allura ne da ake yi a gefen gyambon, kuma babu shi a Tawa sai an aiko. Kullum ina bakin likita, kullum sai an ce bai iso ba. Da ya iso, allurar ta fi ƙarfen wanzami zafi, amma ni ke roƙo a ƙara mini, ko zai yi saurin rufewa. Kafin gyambon ya kama bushewa, na matsa nonona wata rana ban ga komai ba.

Da bazara ya rufe, ya bar tabo. Ban nemi izinin kowa ba, na hau motar Kalfu. Na tarar da yarinyar tana tafiya da ƙafarta, abin da ban ga farkonsa ba. Na kira ta, ta dube ni, ta ruga ta shige zanen gwaggonta. Na miƙa mata kunu a ludayi ta kawar da kai, sai da gwaggon ta karɓa ta ba ta sannan ta sha.

Da la'asar na ɗaure ta a baya da ƙarfi na nufi tasha. Tana ta ihu tana dukan bayana, mutane na kallonmu. Wata tsohuwa a cikin motar ta tambaye ni ina uwar yarinyar.