Kwano uku a gidan Goggo

Jiya da rana na tarar da Goggo, ƙanwar babanmu, tana zuba dambu a kwano uku, alhali ita kaɗai ce a gidan.

Bara muka ɗauko ta daga unguwar Wuro Hausa muka gina mata gida a Demsawo, da doguwar katanga da get na ƙarfe. A ganinmu gata muka yi mata, tunda kullum tana kukan hayaniyar maƙwabta.

Na ce, "Goggo, sauran biyun na su waye?"

Ta ce, "Na Maman Talatu ne da Ya Falmata, maƙwabtana na Wuro Hausa. Hannu ya saba, sai na zuba nake tuna ba sa kusa."

"Ai ke kika ce kina son zama ke kaɗai."

"Na faɗa. Amma a can ni nake tura ƙofa in huta, in na gaji in buɗe. Nan ko na bar get a wangale, babu mai sallama."

Na ci na Maman Talatu da ƙyar. Ɗayan ya koma tukunya.

Wallahi ni na zaɓi get ɗin nan da kaina. Ku da kuka hutar da tsofaffinku, yaushe rabon da wani ya yi musu sallama?