Ranar da Munka Yi wa Filin Tanis Daɓe

Duk shekarun da na yi ina shugaban leburori a furojen dashen itatuwa na Kaita, ranar da ba ta fita raina ita ce ta filin Madam.

Cikin shekarun tamanin ne, bayan babban fari. An kawo muna wata Bajamushiya mai kula da gandun renon itatuwa, muna ce mata Madam. Ashe a ƙasarsu tanis ce sana'arta, 'yar ƙwallon nan da ake bugawa da raket, har ƙasashe ta zaga kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Darakta ya kira ni ofis, ya ce baƙi na zuwa daga Tawa ran Asabar, kuma babbansu na son karawa da ita. Filin ƙasa take so, don siminti na tayar mata da ciwon. "Idi, in filin bai tashi ba, kwantaraginka ya ƙare." Ni kuwa ga iyali a Allakaye suna jiran albashin nan.

Munka share wuri, munka zuba jar ƙasa, sai injin danne ƙasa ya mutu, kayan gyaransa kuma sai Yamai. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na ruga wurin Inna Hajo, tsohuwar da ke jagorantar mata in za a yi daɓe.

"Ɗaki nawa ne, ɗana?"

"Guda ne, Inna, amma ba shi da bango."

Washegari mata sunka fito da madaɓai da ruwan makuba, ana waƙa ana bugu, har mu maza munka shiga ɗibar ruwa da gudu. Fili ya kwanta sumul, sai sheƙi yake. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ran Asabar da la'asar Madam ta taho cikin fararen takalmanta, Inna Hajo ta sha gabanta, ta juyo gare ni. "Gaya mata ba a hawan sabon daɓe da takalmi, ko ita wace ce." Ga darakta, ga baƙi. Na fassara mata. Madam ta dubi tsohuwa, ta sunkuya ta kwance takalmi. Dole babban baƙo ya tuɓe nasa, har da safa. Ta lallasa shi ƙafa tsirara, mata na rangaɗa guɗa. Darakta ya matso yana dariya, ya ce in zo Litinin in sa hannu a sabon kwantaragi.

Ku yaran yanzu ku riƙe wannan: in kun kira mutanen gari su fid da ku, da dokarsu suke zuwa, kuma babba ma sai ya bi ta.