Korse a Ƙarƙashin Babbar Riga

New Bell

Bayan sallar asuba muka tashi daga unguwarmu New Bell, ni da maigidana Malam Sabo, tsohon ɗan dako a tashar jirgin ruwa. Tarin fuka ne ya ci masa ƙashin baya, ga shi ko tari ba ya yi, sai ƙafafu da suka fara mutuwa. 'Yan unguwa suka ce sammu ne. Ni da na koyi karatu da furfura a kaina na ce a'a, asibiti. Kujeru uku na kama masa a bas don ya kwanta.

Yawunde

Da azahar muka isa, na sauka wajen gwaggona. Likita ya kwashe mugunya da ruɓaɓɓen ƙashi, ya ɗaure wurin da ƙarfe. Da Malam ya fara takawa, aka sa masa korse, wata rigar roba mai tauri daga hammata zuwa ƙugu.

“Mama,” in ji likitan, “magani kullum, ba fashi. Korsen nan kuma kada a kwance shi sai yana kwance. In ba haka ba, aikin zai iya lalacewa.”

Gadar Dibamba

A shekarun nan bam na tashi a kasuwannin arewa, mai babbar riga duk abin zargi ne. A hanyar dawowa jandarmomi suka sauke mu a gadar Dibamba don bincike. Wani matashinsu ya shafa ƙirjin Malam ta kan babbar rigarsa, ya ji tauri, ya yi tsalle baya ya saita bindiga.

“Enlève ça!” Wato da Faransanci, cire wannan abin.

Fasinjoji suka watse. Malam ya kai hannu ga maɗaurin korsen. Na buge hannun.

“Wallahi ba a tsaye ba, Malam!”

“Hajara, harbi zai yi.”

“Ya jira.”

Na shimfiɗa mayafina a kan kwalta, kaina ba komai sai ɗankwali. Na ƙwala wa direba kira: “Kai, bar laɓewa bayan taya, zo kama!” Muka kwantar da shi a hankali, na kwance korsen, na juya Malam. Ga ɗinki nan a bayansa, dogo, ja wur.

Jandarman ya daɗe yana kallo. Ban ga laifinsa duka ba; shi ma yana da uwa da ke jiran sa. Ya rataya bindiga ya ba Malam haƙuri, ya ce, “Pardon, papa.”

“Hajara,” in ji Malam, “kwaltar nan fa gasa ni take.”

Gida

Muka wuce unguwar Japoma, muka shiga tamu unguwar kafin magariba. Daga bakin titi zuwa ƙofarmu da ƙafarsa ya taka, yana dafe da kafaɗata. Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo da mu lafiya, sannan likita, da direban da ya fito daga bayan taya.